Yadda Na Kwashe Rubutuna Daga Gidan Aro

Shekara 7 na yi ina rubutu a wani dandalin kyauta, irin wanda da imel ɗinka kawai za a buɗe maka shafi cikin 'yan mintoci. Ban taɓa biyan komai ba, kuma ba zan yi butulci ba: a can na koyi rubutu, a can na samu masu karatu, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tashi na tarar shafin a rufe ba. Rubutuna ya haura 400, yawancinsu a kan harshe da karatu da tarbiyya.

Abin da ya fara tayar mini da hankali saƙo ne daga wani dattijo da ya daɗe yana bibiyata. Ya rubuto cewa, "Malam, tallan da na gani a ƙarƙashin rubutunka na ta'aziyyar malaminka bai dace da wurin ba, don Allah ka cire shi." Ni ban ma san akwai talla a wurin ba, domin idan na shiga da sunana ba a nuna mini. Na duba ko'ina ban ga hanyar cirewa ba. Sai na koma na karanta sharuɗɗan da na amince da su tun ranar farko ba tare da na karanta ba. Babu yaudara a ciki, komai a rubuce yake: suna da ikon sa talla, suna da ikon sauya tsari, suna da ikon dakatar da hidimar. Gidan nasu ne. Ni baƙo ne da aka yi wa alheri.

Daga nan na shiga karanta abin da ya faru da wasu. GeoCities, wani dandalin shafukan kyauta wanda Yahoo ya saya a 1999, an rufe shi a watan Oktoba na 2009, kuma abin da ya tsira daga shafukan mutane shi ne wanda 'yan sa-kai da ma'adanar Internet Archive suka yi rige-rigen kwafewa kafin a kashe. Posterous kuwa, shi ma dandalin rubutu ne, Twitter ya saye shi a 2012, aka rufe shi a Afrilun 2013. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na kira ƙanena, wanda aikin kwamfuta ne sana'arsa, na ce masa ina son in tashi.

Ya ce, "Yaya, kada ka fara da neman inda za ka ajiye shafin. Fara da suna."

A lokacin ban gane nauyin maganar ba, sai daga baya. Abubuwa biyu ne mabambanta da mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai sunan adireshi, wanda ake kira domen, wato abin da mai karatu ke rubutawa a burauza. Akwai kuma masauki, wato wuri a wata kwamfuta da ba ta kwana, uwar garke, inda fayilolinka ke zaune. Masauki kana iya sauya shi sau goma mai karatu bai sani ba. Suna kuwa shi ne abin da duniya ta san ka da shi. Ƙanena ya nace a kan abu uku. In yi rajistar sunan da sunana da imel ɗina, ba da nasa ba, ba kuma da na wani kamfani da zai ce ya ɗauke mini wahala ba. In saye shi a kamfani daban da wanda zai ba ni masauki, domin in wata rana muka saɓa da mai masaukin, sunan na hannuna. Sannan imel ɗin da zan yi rajista da shi kada ya zama na kan sabon sunan, saboda in sunan ya samu matsala, saƙon gargaɗin ma ba zai iso ni ba. A nan kuma na fahimci cewa sunan ma ba sayen har abada ba ne, haya ce ta shekara-shekara. Irin wanda ya ƙare da .com ana iya biyan har shekara 10 a gaba, amma ba fiye ba.

Zaɓen masauki bai ɗauke ni lokaci ba. Akwai na haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a uwar garke ɗaya, kamfanin ne ke kula da injin. Akwai kuma wanda za a yanka maka naka sashe ka riƙa sarrafa komai da kanka. Na ɗauki na haɗaka, kuma har yau ina ganin shi ya dace da marubuci. Abin da kawai zan ja hankali a kai: a duba kuɗin sabuntawa, ba kuɗin shekarar farko ba, don sau da yawa ba ɗaya suke ba.

Sai haɗa suna da masauki. Wannan aikin DNS ne, tsarin da ke fassara suna zuwa lambar adireshin uwar garke. Na shiga wurin kamfanin sunan na rubuta lambar da mai masauki ya ba ni. Bayan ɗan lokaci shafin ya buɗe a wayata, amma a kwamfuta ya ƙi. Na ɗauka na ɓata wani abu. Ƙanena ya ce in yi haƙuri, kwamfutoci da kamfanonin intanet kan riƙe tsohuwar amsa na wani lokaci kafin su sake tambaya. Kafin gari ya waye ya buɗe a ko'ina. A ranar kuma na kunna takardar tsaro, wadda ke mayar da adireshi daga http zuwa https. Ta Let's Encrypt na yi amfani da ita, kyauta ce, tana ƙarewa bayan kwana 90, masaukin ne ke sabunta ta da kansa. Ba abin wasa ba ne, domin tun watan Yuli na 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin cewa ba shi da tsaro.

Manhajar da na ɗora ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Kyauta ce, kowa na iya saukewa ya ɗora a masaukinsa. Da harshen PHP aka rubuta ta, kuma tana ajiye rubutu a rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, hotuna kuma a folda daban. Wannan rabuwa ta rubutu da hotuna ta dawo mini sau biyu daga baya. Ɗora ta bai wuce minti goma ba. Na danna wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su leƙo tukuna, tunda gidan ba a gama share shi ba, na kuma rubuta a takarda cewa in tuna in cire alamar ranar buɗewa.

Daga tsohon dandalin na nemi a fitar mini da kayana. Aka ba ni fayil guda ɗaya, nau'in XML. Na daɗe ina kallonsa. Shekara 7 na tunani da gyara da kwana ido biyu, ga su a fayil ɗaya da bai kai girman gajeren bidiyo ba. Na yi ƙoƙarin ɗora shi a sabon wurin, aka ce ya yi girma. Ashe PHP, in ba a taɓa saitinsa ba, megabayit 2 ne iyakar abin da yake karɓa, kuma daƙiƙa 30 yake bai wa aiki kafin ya yanke shi. Ƙanena ba ya kusa a ranar, ni kuma na ƙosa. Na buɗe fayil ɗin da wata tsohuwar manhajar rubutu da ke kwamfutata, na raba shi gida huɗu, na adana kowanne, na ɗora. Duk suka shiga. Na ji daɗi ƙwarai.

Da na buɗe rubutun farko, gabana ya faɗi. Duk inda na rubuta ƙasa, abin da ke wurin shi ne Æ™asa. Duk inda ɗ take ta koma É da wani dogon layi a gabanta. Ɓ da ƴ ma haka. Rubutu 400, babu wanda ya tsira. Wanda ke rubutu da harshen da haruffansa ba su wuce a zuwa z ba, zai iya yin irin wannan ƙaura bai taɓa sanin akwai wannan rami ba. Mu kuwa lanƙwasar nan ita ce bambancin kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, bata da ɓata. Na shafe shekaru ina bin kowane rubutu ina tabbatar da ita, har na sha roƙon masu turo mini rubutu su riƙa sa ta. Ganin ta a wargaje ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa.

Da ƙanena ya zo ya duba, bai ɗau minti biyu ba ya gano. Ya ce a tsarin UTF-8, wanda intanet ke tafiya a kai, haruffa irin su a da b bayit ɗaya suke ci (bayit ɗan ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Tsohuwar manhajar da na yi amfani da ita ta karanta fayil ɗin da wani tsohon tsari na harsunan yammacin Turai, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Sai ta ɗauki ƙ ɗaya a matsayin haruffa biyu, Æ da ™, da na adana kuma ta rubuta su haka dindindin. Ya tambaye ni, "Yaya, ainihin fayil ɗin da suka ba ka, yana nan yadda yake?" Na yi sa'a yana nan, domin kwafinsa na yanka, ba shi ba. Muka goge duk abin da na shigar, ya ɗaga iyakar PHP daga wurin saitin masaukin, ya tabbatar rumbun bayanan yana kan utf8mb4, wato saitinsa na UTF-8, muka ɗora fayil ɗin ɗungurungum ba tare da an buɗe shi da komai ba. Haruffa suka dawo daidai. Duk wanda zai yi wannan aiki, ina roƙonsa ya ajiye fayil ɗin farko a wuri biyu, kada ya taɓa shi, kwafi kawai zai riƙa aiki da shi.

Ban gama da haruffan ba tukuna. Rigar da na zaɓa wa shafin, wato tsarin kamanninsa, tana da zubin haruffa mai kyau, amma wanda ya zana shi bai zana masu lanƙwasa ba. In burauza ta nemi ƙ ta rasa, sai ta aro daga wani zubin, sai ka ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, kamar an liƙa shi. Ana iya karantawa, amma ido yana tuntuɓe. Na buɗe shafin gwaji na rubuta ƙ ɗ ɓ ƴ da Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ, a miƙe da a karkace da masu kauri, na riƙa gwada zubi ɗaya bayan ɗaya. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su. Na tsaya a kan Charis SIL don jikin rubutu. Wuri ɗaya kaɗai na yarda na bar lanƙwasa: cikin adireshin kowane rubutu. A can ƙ kan koma %C6%99 in an kwafi adireshin an tura wa wani, sai ya yi tsawo ya yi muni. Kanun rubutu na da lanƙwasarsa, adireshinsa kuwa babu.

Hotuna sun kusa yaudarata. Na bi rubuce-rubucen na ga kowane hoto na wurinsa, na ce an gama. Ƙanena ya ce in danna ɗaya in duba adireshinsa. Na tsohon dandalin ne. Fayil ɗin da aka ba ni bai ƙunshi hotunan ba, adireshinsu kawai ya ƙunsa, sabon shafin yana leƙa tsohon gida yana nuno su. Da na rufe tsohon a ranar, da duk sun ɓace. Muka sauke su gaba ɗaya, muka zuba su a foldar da WordPress ke ajiye hotuna, sannan aka zo sauya adireshinsu a cikin rumbun bayanai. Nan ma ya hana ni yin gaggawa. Wasu saituna ana ajiye su tare da adadin tsawon rubutun da ke cikinsu, in ka sauya rubutun ba ka gyara adadin ba, saitin ya lalace. Ya yi amfani da WP-CLI, wani kayan aikin sarrafa WordPress wanda ya san wannan, ya fara da gwajin da ke nuna wurare nawa za a taɓa ba tare da an taɓa komai ba, sannan ya saki na gaske. Wasu 'yan hotuna da suka rage a kan http sun sa alamar tsaro ta ƙi fitowa a shafukansu, na bi su da hannu na gyara.

Sai babbar asarar, wadda babu dabarar da ta iya hana ta. A shekara 7 mutane sun yi ta tura adireshin rubuce-rubucena, wasu sun sa a nasu shafukan, ɗalibai sun ambace su a ayyukansu, injinan bincike sun san su. Duk waɗannan adireshi suna ƙarewa ne da sunan dandalin, ba nawa ba. Hanyar da ta dace ita ce tsohon adireshi ya riƙa ba da amsar da ake kira 301, wadda ke gaya wa burauza da injin bincike cewa abin ya koma wuri kaza har abada, su wuce can kai tsaye. Amma wannan amsa uwar garken tsohon gida ce ke ba da ita, ni kuwa ba ni da iko a kanta. A nan maganar ƙanena ta farko ta zauna mini. Da tun shekarar farko na mallaki suna na ɗora shi a kan dandalin kyautar, kamar yadda da yawansu ke ba da dama, da ranar tashi lamba ɗaya kawai zan sauya a DNS, in daidaita tsarin adireshin rubutun, kowa ya biyo ni bai ma san na tashi ba. Wannan ce shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni yanzu, ko da ba shi da niyyar tashi: ya mallaki suna tun yau.

Abin da na iya yi shi ne na hannu. Na fitar da jerin rubuce-rubucen da aka fi karantawa, na fara da su. A kowanne, a tsohon shafin, na bar sakin layi na farko, na cire sauran, na sa mahaɗin da zai kai mai karatu sabon wurin. Na yi haka ne don kada rubutu ɗaya ya zauna cikakke a wuri biyu, injin bincike ya ci gaba da fifita tsohon. Na cire alamar nan da ke hana injinan bincike shigowa, na miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin rubuce-rubucensa, ta Google Search Console, inda masu shafi ke sanar da Google shafukansu. Masu karatu sun ragu sosai a watannin farko, kuma na ji abin a raina. Sun dawo a hankali, ba duka ba. Waɗanda ke bibiyata ta maɓallin dandalin ma ban iya tahowa da su ba, sai sanarwa na rubuta musu, wanda ya gani ya biyo.

Kwana uku da buɗewa na leƙa rajistar masu ƙoƙarin shiga, na tarar an yi ta gwada kalmar sirri da sunan admin daga wurare daban-daban. Ƙanena ya ce ba wani ne ke nufina ba, manhajoji ne da ke yawo suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A da akwai masu tsaron da ban taɓa gani ba, yanzu ni ne mai gadin. Na sa doguwar kalmar sirri, na kunna tabbaci mai mataki biyu, na rage ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress zuwa biyar, domin kowace ɗaya ƙofa ce da sai an riƙa kula da ita. Duk mako nakan shiga in sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa.

Kwafin ajiya kuwa kashi biyu ne, fayiloli da rumbun bayanai, kuma ɗaya ba ya amfani in babu ɗayan. Mai masaukin yana yin nasa, amma ina ajiye nawa a waje, ɗaya a kwamfutata, ɗaya a wata ma'ajiya ta daban. Ƙanena bai yarda da shi ba sai da muka gwada. Muka buɗe wurin gwaji babu komai a ciki, muka mayar da shafin daga kwafin kaɗai. Gwajin farko ya nuna cewa foldar hotuna ba ta cikin abin da nake kwafewa, saboda wani akwati da ban danna ba. Muka gyara, muka sake, ya tashi cikakke, har da lanƙwasar haruffa.

Ba zan ce kowa ya tashi ba. Wanda ke rubutu jefi-jefi, ba ya son ganin saiti, ba shi da wanda zai kira in abu ya cije, dandalin kyauta ya fi masa kwanciyar hankali, in dai yana sauke kwafin kayansa lokaci-lokaci. Ni dai na samu abin da na fita nema. Rubutun ta'aziyyar malamina yanzu babu komai a ƙarƙashinsa sai addu'o'in waɗanda suka karanta.

Akwai kuma wani abu da ban hango ba sai da takardar sabuntawa ta farko ta iso. Tsohon shafin, ko na shekara goma ban leƙa ba, mai yiwuwa yana nan muddin dandalin na raye. Wannan kuwa ranar da aka daina biya, ranar zai fara mutuwa, sunan ma daga baya wani na iya ɗauka. Rai ba a hannunmu yake ba. Don haka na biya wa sunan shekaru da yawa a gaba, na zauna na rubuta a takarda sunan kamfanonin biyu, da ranar da kowanne ke ƙarewa, da inda kwafin ajiya yake, da yadda za a kai ga kalmomin sirri. Na sa a ambulan na kai wa ƙanena. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya ja kwana, Yaya." Ya ɗauki biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, sunan zubin haruffan da muka zaɓa, don kada wanda zai sake tayar da shafin wata rana ya sa wanda ba shi da ƙ.